Yarintar makaɗan jaz a littattafan yara: zubi, riwaya da sauti

0. Gabatarwa

Tun daga ƙarshen shekarun 1980, masu ɗab'i na ƙasar Amurka suke fitar da wani irin littafin yara mai ba da labarin yarintar wani shahararren makaɗin jaz. Littafi ne mai hotuna, irin wanda ake kira album da Faransanci: yawanci shafi 32 ne ko 40, kowane shafi da babban zane da ƴan layukan rubutu kaɗan. An yi shi ne domin yara ƴan shekara biyar zuwa tara, kuma bisa al'ada babba ne ke karanta shi a bayyane, yaro yana saurare yana kallon zanen.

Manufarmu a wannan ƙasida ita ce mu nuna cewa waɗannan littattafai, ko da yake bugaggu ne, aikinsu irin na adabin baka ne ta fuska uku. Suna da zubi ɗaya da ake ta maimaitawa, kamar na gatana. Suna kawo riwayoyi mabambanta na labari guda. Sa'an nan rabin abin da ke cikinsu sauti ne wanda ba ya fita sai an furta shi. A ƙarshe za mu duba abin da wannan ke jawo wa wanda zai so mayar da irinsu cikin Hausa. A duk tsawon ƙasidar, kalmar "makaɗi" ta haɗa mai kiɗa da mai busa da mai rerawa. Za mu koma kan wannan a sashe na 5.

1. Inda littattafan suka fito

Kiɗan jaz ya samo asali ne a farkon ƙarni na 20 cikin baƙar fatar Amurka, musamman a birnin New Orleans. Ya daɗe ana yi masa kallon kiɗan mashaya da gidajen rawa, abin da ba a kai wa makaranta. Abubuwa biyu suka buɗe masa ƙofar ɗakin karatun yara.

Na farko shi ne kukan da aka yi kan rashin baƙar fata cikin littattafan yara. A shekara ta 1965, Nancy Larrick ta buga wata ƙasida a mujallar Saturday Review inda ta ƙidaya littattafan yara 5,206 da aka buga daga 1962 zuwa 1964, ta tarar 349 ne kawai suka nuna baƙin mutum ko da guda ɗaya, watau ƙasa da bakwai cikin ɗari. A 1970 aka fara ba da lambar yabo ta Coretta Scott King ga marubutan yara baƙar fata, daga baya aka haɗa da masu zane. Na biyu shi ne ɗaukakar da jaz kansa ya samu a idon hukuma: a 1987 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da ƙudurin da ya sanya shi cikin dukiyar al'adu ta ƙasa. Makarantu da ɗakunan karatu suka shiga neman littattafai a kansa, masu ɗab'i kuma suka amsa.

Ga kaɗan daga cikin waɗanda za mu dogara da su: Ragtime Tumpie (1989) na Alan Schroeder, kan yarintar Josephine Baker a birnin St. Louis, Satchmo's Blues (1996) na marubucin nan dai, da If I Only Had a Horn (1997) na Roxane Orgill, duka biyu kan Louis Armstrong, Dizzy (2006) na Jonah Winter, Before John Was a Jazz Giant (2008) na Carole Boston Weatherford, kan John Coltrane, Skit-Scat Raggedy Cat (2010) na Orgill, kan Ella Fitzgerald, Little Melba and Her Big Trombone (2014) na Katheryn Russell-Brown, da Trombone Shorty (2015), wanda makaɗin da kansa, Troy Andrews, ya rubuta. A Faransa ma, gidan ɗab'i na Gallimard ya saka Armstrong da Django Reinhardt cikin jerin littattafansa na yarintar makaɗa, waɗanda ake sayarwa tare da faifan sauraro, a gefen Mozart da Bach.

2. Zubi ɗaya

Duk wanda ya karanta biyar ko shida daga cikin littattafan nan a jere zai lura cewa hanya ɗaya suke bi, mai zango huɗu.

Zango na farko, yaro ne cikin sauti. Kafin a ba shi wani abin kiɗa, ana nuna shi yana saurare. Littafin Weatherford gaba ɗayansa a wannan zango ya tsaya: jeri ne na abubuwan da Coltrane ya ji yana yaro a jihar North Carolina, inda aka haife shi a 1926, kamar ƙarar tukwanen girki, da kukan jirgin ƙasa, da wa'azin kakansa a coci, da kiɗan mahaifinsa a gida.

Zango na biyu, rashi. Akwai abin da yaron ya rasa ko abin da ke cutarsa. Ga Armstrong talauci ne. Ga Dizzy Gillespie, wanda aka haifa a 1917 a garin Cheraw, dukan da mahaifinsa ke yi masa ne, littafin Winter kuma ya nuna yadda yaron ya juye fushinsa cikin ƙaho. Ga Melba Liston, wadda aka haifa a 1926 a Kansas City, rashin ya zo ta wata hanya: ta zaɓi turambon tana da shekara bakwai, alhali hannunta bai kai ƙarshen sandar da ake ja ba, kuma mace ce cikin sana'ar da maza suka cika.

Zango na uku, abin kiɗa da wanda ya ba da shi. Kusan kullum akwai wani babba, malami ko kaka ko wa, wanda ya ɗora abin a hannun yaron ko ya ƙarfafa masa zuciya. Zango na huɗu, ranar bayyana, ranar da jama'a suka ji shi. Ga Ella Fitzgerald daren gasa ne a dandalin Apollo na unguwar Harlem, cikin watan Nuwamba na 1934, tana da shekara 17, inda ta shiga da niyyar rawa ta ɓuge da waƙa, ta kuma ci gasar. Ga Troy Andrews ranar da Bo Diddley ya kira shi kan dandamali a babban bikin jaz na New Orleans ce, yana ƙaramin yaro.

Ɗalibin da ya karanta Vladimir Propp, wanda littafinsa kan tsarin tatsuniya ya fito a 1928 aka fassara shi cikin Faransanci a 1970, zai gane wannan hanya nan da nan: rashi, mai bayarwa, abin al'ajabi, cin nasara. Ba muna cewa marubutan ƙarya suke yi ba. Kusan duk abin da muka lissafa a sama ya faru. Abin lura shi ne zaɓe. Rayuwar mutum tana da abubuwa dubu, zubin kuwa huɗu yake ɗauka, kuma waɗanda ya ɗauka su ne masu kama da gatana.

Abu biyu ke faɗuwa ta wannan rariya. Na ɗaya, shekarun koyo. Charlie Parker ya faɗa a wata hira ta rediyo a 1954 cewa ya yi shekara uku zuwa huɗu yana gwajin busa awa 11 zuwa 15 kowace rana. A littafin yara, irin waɗannan shekaru shafi ɗaya suke samu, har yaro ya ɗauka baiwa ce kaɗai ta yi aikin. Na biyu, ƙarshen rayuwa. Parker ya rasu a 1955 yana da shekara 34, Billie Holiday a 1959 tana da 44, duka biyu bayan doguwar fama da ƙwaya da giya. Labarin yarinta yana ba marubuci damar rufe littafi kafin a kai nan. Muna ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa aka fi son yarinta bisa cikakken tarihin rayuwa.

3. Labari guda, riwaya da yawa

Misalin da ya fi kowane bayyana wannan shi ne ƙahon farko na Louis Armstrong, watau kornet, ƙanen turumfet. A littafin Schroeder, yaron ya hangi ƙahon a tagar wani kantin jingina, kuɗinsa dala biyar, ya yi ta ƙananan ayyuka yana tari har ya saya. A littafin Orgill, wanda ya fito shekara ɗaya bayan haka, wata hanya aka bi: daren shiga sabuwar shekara ta 1913 yaron ya harba ƙaramar bindiga sama a kan titi, aka kama shi aka kai shi gidan horon yara baƙar fata, can ne malamin kiɗa Peter Davis ya fara ba shi ƙananan kayan kiɗa, daga bisani ya ba shi ƙaho. Yaron da aka karanta wa littattafan biyu zai tambaya: wanne ne gaskiya?

Amsar ita ce, duka biyun daga bakin Armstrong suka fito. A littafin tarihin rayuwarsa na 1954 ya ce a gidan horo ya koyi busa. A wani rubutun hannu da ya yi a 1969 da 1970, lokacin da yake jinya, wanda aka buga a 1999, ya ba da labarin iyalin Karnofsky, Yahudawa da suka yi ƙaura daga Lituwaniya, waɗanda ya yi wa aiki a amalankensu ta sayen tarkace da sayar da gawayi. Ya ce yana busa wani ɗan ƙahon gwangwani don kiran masu ciniki, kuma su ne suka ba shi rancen kuɗin da ya fara biyan ƙahon kantin jingina. Kowane marubuci ya ɗauki riwayar da ta dace da darasin da yake son bayarwa: ɗaya haƙuri da tari, ɗaya kuskuren da ya zama alheri.

Ranar haihuwarsa ma haka take. Duk rayuwarsa yana cewa ranar 4 ga Yuli 1900 aka haife shi, watau ranar bikin ƴancin Amurka a shekara mai cikar lissafi. Sai cikin shekarun 1980, bayan rasuwarsa a 1971, mai bincike Tad Jones ya gano rajistar baftisma ta wata coci a New Orleans wadda ta nuna 4 ga Agusta 1901. Duk shekarun da Armstrong ya ba kansa cikin labaran yarintarsa, bisa lissafin 1900 ya ba da su, saboda haka sai an yi musu gyara.

Wani lokaci kuma shiru ne ke cikin riwayar. Ella Fitzgerald ba ta yarda ta yi maganar abin da ya same ta bayan rasuwar mahaifiyarta a 1932 ba. A 1996, ƴan kwanaki bayan rasuwarta, ƴar jarida Nina Bernstein ta bayyana a jaridar New York Times cewa an tsare ta a gidan horon ƴan mata na garin Hudson, inda ake dukan yara. Littafin Orgill na 2010 ya shigar da waɗannan shekaru na wahala. Ke nan abin da littafin yara ke iya faɗa yana canzawa gwargwadon abin da bincike ya tono.

Waɗanda suka yi aikin tattara tarihin baka a ƙauyuka sun san wannan hali: mai ba da labari ɗaya yana iya kawo riwaya biyu a zama biyu, ba don yaudara ba, sai don abin da yake son jaddadawa a ranar. Bambancin kawai shi ne, ɗab'i yana daskarar da riwaya ɗaya, ya ba ta hoto mai launi, yaro kuma ya karɓe ta a matsayin tarihi. Marubuta da yawa sun san da haka, shi ya sa suke ƙara shafi a ƙarshe domin babba, inda suke bayyana abin da ya tabbata da abin da suka ƙaga. Wannan shafi, a ganinmu, ɓangare ne na littafin, kuma malamin da ya tsallake shi ya karanta rabi.

4. Sauti a kan takarda

Matsalar da ta fi shafar mai nazarin harshe ita ce wannan: ta yaya za a sa kiɗa cikin abin da ba ya ƙara? Dabaru uku muka gani.

Ta farko, amshi. Weatherford tana buɗe kowane sashe da jimla ɗaya da ke dawowa, Andrews kuma yana maimaita gaisuwar mutanen unguwarsu ta Tremé daga farko har ƙarshe. Bayan shafi uku yaro ya riga ya haddace, sai ya shiga amsawa, karatu ya koma tsakanin jagora da ƴan amshi.

Ta biyu, gaɓoɓi marasa ma'ana. Jaz yana da salon rerawa da ake kira sikat, inda mawaƙi ke barin kalmomi ya rera gaɓoɓi irin su ba, di, du, yana kwaikwayon ƙaho da murya. Faifan Armstrong mai suna Heebie Jeebies, na 1926, shi ya yaɗa salon. Ana cewa takardar waƙar ce ta faɗi daga hannunsa ya ci gaba da abin da ya zo masa a baki. Wannan ma riwaya ce, domin an ɗauki irin wannan rerawa a faifai kafin shekarar. Gaɓoɓin ba a kan banza ake zaɓarsu ba. Baƙaƙe tsayau kamar b da d suna ba da farkon sauti mai kaifi, kamar yadda harshen mai busa ke yanke iska. Wasalin i yakan tafi da sauti na sama, u da o da na ƙasa. Gaɓar da ta ƙare da p ko t tana datse sautin nan take. Sunan salon bibop kansa daga irin waɗannan gaɓoɓi ya fito. Marubutan yara sun ɗauki wannan kaya sun zuba cikin jimlolinsu.

Ta uku, zanen rubutu: haruffa su girma inda murya za ta ɗaga, su kwanta ko su hau bisa shafi. Chris Raschka, wanda littattafansa suka fi duban kiɗan da kansa bisa yarintar makaɗi, shi ya kai wannan dabara matuƙa. A Charlie Parker Played Be Bop (1992) kalmomi kaɗan ne, an jera su don nauyinsu a baki. A Mysterious Thelonious (1997) ya haɗa sautuka 12 na ma'aunin kiɗan Turawa da launuka 12, ya ɗora kowace gaɓa a bisa shafi daidai tsayin sautinta cikin kiɗan Thelonious Monk mai suna Misterioso.

Duka dabarun uku suna jiran baki. Wanda ya karanta su da ido kawai, kamar wanda aka ba rubutacciyar waƙar makaɗan fada ne ba tare da ya taɓa jin kiɗanta ba.

5. In za a mayar da su cikin Hausa

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder a 1973, ƙarancin abin karantawa na yara yake damun malamai, kuma fassara tana cikin hanyoyin da ake tunani. Irin waɗannan littattafai suna tayar da tambayoyi uku.

Ta farko ta shafi sauti, kuma nan Hausa tana da arziki. Kalmomin amsa-kama suna yin aikin da sikat ke yi:

(1) Ya busa ƙahon, unguwa ta yi tsit.
(2) Da jin kiɗan, sai ta miƙe wuf.
(3) Gangar ta faɗi ƙasa tim.

Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa; amsa-kama ne rukunin da ya saba ƙarewa da baƙi, kuma f ɗin ƙarshen wuf ko tsaf, a bakin masu magana da yawa, p ake ji. Ke nan gaɓa mai datsewa irin ta bibop tana da gurbi cikin harshen. Cikas ɗin yana ga rubutu. Ƙa'idar rubutun Hausa, tun bayan taron daidaitawa na Yamai a 1980, ba ta nuna tsawon wasali, ba ta kuma nuna karin sauti. Mai karatu yana bambanta gari na zama da gari na tuwo don ya san kalmomin biyu kuma jimla tana taimakonsa. Gaɓar da marubuci ya ƙaga ba ta da wannan mataimaki: wanda ya ga "dadi dada" ba shi da yadda zai san inda zai ja da inda zai ɗaga. Mai fassara yana da zaɓi biyu, ko ya tsaya ga amsa-kama da kowa ya sani, ko ya yi wa gaɓoɓin da ya ƙaga alamar tsawo da kari, a waɗannan wurare kaɗai.

Ta biyu ta shafi sunaye. Hausa ta raba kiɗa da busa da waƙa, ba ta da kalma ɗaya da ta tattara su kamar musique. Armstrong mabushi ne kuma mawaƙi, Monk makaɗi ne. Haka nan wanda ya fassara turumfet da kakaki ya shigar da sarki da fada cikin labarin yaron da ke talla a titi. Gara a ce ƙaho, ko a ari sunan a bar zane ya yi bayani.

Ta uku ta shafi zubin kansa. A labarin Amurka yaro ne ke zaɓar abin kiɗa, kuma zaɓen nan shi ne hanyarsa ta fita daga talauci zuwa daraja. A ƙasar Hausa kiɗa yawanci sana'ar gado ce, mai haɗe da roƙo, kuma iyaye da yawa ba su murna in ɗansu ya yi mata haye. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai gaji waƙa ba, mahaifinsa kuma bai so ta ba. Yaron Maraɗi ko Tawa zai iya jin zango na uku a matsayin saɓa wa iyaye, inda yaron Chicago ke jin nasara. Malamin da zai karanta littafin yana bukatar ya san da wannan tazara, ya kuma tuna cewa a Amurka ma jaz ya yi shekaru da dama kafin a daina raina shi.

6. Kammalawa

Mun ga cewa littattafan yarintar makaɗan jaz suna bin zubi mai zango huɗu, suna zaɓar riwaya ɗaya cikin da yawa, suna kuma dogara ga muryar mai karatu. Daga nan shawarwari biyu ke fitowa ga ɗalibanmu. Wanda zai yi nazarinsu, ya haɗa kayan aikin nazarin adabin baka da na rubutaccen adabi, ya ɗauki muryar mai karatu da amsar yara a rikoda, domin matanin da ke kan takarda bai cika ba. Wanda kuma zai fassara su, ko ya rubuta irinsu kan makaɗan ƙasarmu, ya fara da tattara riwayoyi yana gwama su, ya faɗa wa mai karatu a shafin ƙarshe wadda ya zaɓa da dalilinsa, sa'an nan ya gwada kowace jimla a baki gaban yara kafin ya kai ta maɗaba'a.